Shafukan sayar da waƙa marasa lasisi: a sa musu katin banki ko kar a sa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai shafukan da ke sayar da waƙa ɗaya senti 10 ko 15, alhali a iTunes, shagon waƙa na kamfanin Apple, ta kai kusan dala guda. Masu sanin harkar kati, ina haɗarin yake?

Ma'aikacin sashen kati: Wa alaikumus salam. Malam, abu uku kawai ake buƙata a cire kuɗi a intanet: lambar gaban kati, ranar ƙarewarsa, da lambobi ukun nan na baya, wato CVV. Mutane sun ɗauka dole sai OTP, lambar sirrin da banki ke turowa don tabbatar da ciniki, ya shigo waya. Ba haka ba ne. A cinikin ƙasashen waje, sau da yawa mai shafin ne ke zaɓar ko zai bi ta 3D Secure, wato tsarin da ke sa banki ya nemi tabbacin mai kati, kamar OTP, kafin a cire kuɗi. In bai bi ba, sai dai kawai ka ga alat. Kuma in shafi ya adana katinka a cinikin farko, cirewa ta gaba ba ta jiran izininka. Alamar da nake so kowa ya riƙe: cirewar 'yan kuɗi kaɗan, dala ɗaya ko ƙasa da haka, da ba ka san da ita ba. Gwaji ne, ana duba ko katin na aiki. Babbar tana tafe.

Mai harkar shafuka: Ƙari a kan bayanin Yallabai, irin waɗannan shafuka ba sa karɓar kuɗin waƙa ɗaya. Sai ka fara loda asusu da dala 10 ko 20, kana saya ana ragewa. Ranar da aka rufe shafin, ragowar ta bi ruwa. An ga haka da AllOfMP3, wani shafin sayar da waƙa na Rasha: Visa da Mastercard sun daina karɓar cinikinsa a 2006, aka rufe shi a 2007. Shi ya sa ire-irensa ke fakewa da sunan wani kamfani wajen karɓar kuɗi. Ka sayi waƙa, amma a sitetimen ka ga sunan da ba ka taɓa ji ba. Alamar kwaɗon kulle nan da ke jikin adireshin shafi kuma kada ya ruɗi kowa, hanya kawai yake tsarewa, bai ce mai shafin na da amana ba.

Hajiya mai POS: To in an riga an sa fa?

Ma'aikacin sashen kati: Hajiya, a toshe katin nan take ta manhajar banki ko lambar USSD, sannan a nemi sabo. Canza PIN ba ya magani, domin ba da PIN ake cirewar ba. Sai a rubuta wa banki takardar ƙorafi da ranar cirewa, adadin kuɗi da sunan da ya fito, a karɓi lambar ƙorafin. Visa da Mastercard galibi kwana 120 suke bayarwa na neman a maido da kuɗi. Wanda aka cire ba da saninka ba ya fi sauƙin dawowa. Wanda ka loda da hannunka har ka shigar da OTP, da wuya. In banki ya yi shiru har mako biyu, a kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN.

Mai harkar shafuka: Ni shawarata kar a sa katin da albashi ke shiga. Spotify ya shigo Najeriya tun 2021, ga Boomplay da Audiomack, kuma mawaƙi na samun haƙƙinsa. Don sayayyar intanet gaba ɗaya, a ware kati dabam, a zuba iya kuɗin cinikin, a kashe masa cinikin intanet a manhaja da zarar an gama.