Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma: har da budurwa?

Ɗan Ringim: Salamu alaikum. Jiya rigima ta kaure a gidanmu. Ƙanena ya kawo maganar wata yarinya mai tallan fura, Inna ta ce sam, wadda ke yi wa kowa dariya ta kowa ce. Baba ya ce ai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Inna ta ce wannan maganar tarbar baƙo ce, babu ruwanta da budurwa. Abin ya tsaya min a rai, don ban san yarinyar da wani aibu ba.

Malam Na Taura: Inna ta fi gaskiya. Kunya ce adon ɗiya mace. Fara'a daban, sakin baki daban.

Uwar Biyu: Malam, ku maza ba a iya muku. Ta ɗaure fuska ku ce girman kai, ta sake ku ce ballagaza. Kakata fura take kaiwa kasuwar Maigatari duk Alhamis. Shekarar farin 1973, da mutane suka yi ta gangarowa daga Nijar dabbobinsu sun ƙare, ta ga wani Buzu a gindin tsamiya da ɗansa, ko kwabo babu. Ta durƙusa ta dama musu da kindirmo, ta miƙa ludayi tana murmushi, ta zauna tana yi wa yaron wasa har suka shanye. Kafin la'asar gulma ta kai gidan wanda zai aure ta, wai an gan ta tana hira da baƙo. Aka fasa. Kakanmu mai awon hatsi ne, rumfarsa na kallon tsamiyar, komai a idonsa aka yi. Shi ya tura manyansa.

Baban Ummi: Allah ya jiƙan Kaka. Amma in shimfiɗar fuska ce, ku jira kakar zaɓe. Namu har ƙofar gida ya zo da haƙora a waje, da taliya da atamfa. Yau gilashin motarsa baƙi ƙirin.

Na Gujungu: Ai har tabarmar ya naɗe ya tafi da ita!

Baban Ummi: Tabarmar kunya kenan, da hauka ake naɗe ta.

Ɗan Ringim: Jama'a ku dawo kan magana, ranar Juma'a Kawu zai zo a yanke.

Malam Na Taura: A binciki gidansu tukuna. Zamanin Kaka ai babu waya.

Uwar Biyu: Gulmar da ta raba aurenta da ƙafa ta je, Malam.

Na Gujungu: Uwar Biyu, shi wanda ya fasa ɗin wa ya aura?