Indararon gidanmu yana ambaliya, a sake sabo ko a gyara?

Maman Fadila (Yalwa, Garwa): Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Gidanmu rufin kwano ne, akwai indararon ƙarfe da ya bi bakin kwanon ta baya, wanda masu aikin nan suke ce ma gutiyar, shi ke tara ruwa ya sauko ta tiyo zuwa duro. To jiya da aka yi ruwan farko na bana sam bai bi tiyon ba, ta sama ya dinga kwararowa yana bin bango har fentin ɗakin yara ya kumbura ta ciki, ɗan abin da ya shiga duron kuwa jajawur kamar Binuwai a watan Agusta. Na kira wani mai gyara, daga ƙasa ya ɗaga kai ko hawa bai yi ba ya ce wai ya yi ƙarami, a cire a sa sabo jaka 60 na kuɗin sefa. Maigida yana hanyar Njamena da mota sai nan da sati biyu, hadari kuma kullum sai ya haɗu. Akwai dogon yaro da reshensa ya rufa kan kwanon, ko shi ne ban sani ba.

Malam Buba mai walda: Wa alaikumussalam Hajiya. Kar ki ba kowa jaka 60 tukuna. Indararon da ya ɗauki ruwan Agustan bara ai ba zai yi wa ruwan Mayu kaɗan ba, toshewa ya yi. Tun da ruwa ya ɗauke a Oktoba ƙurar hunturu take kwanciya a ciki, ga ganyen dogon yaro da yake zuba da rani, ruwan farko yana taɓa su sai su zama taɓo su like bakin tiyo kamar an yaɓe da hannu. Ki samu saurayi da tsani da bokiti da cokalin gini, ya fara daga bakin tiyo yana kwashewa yana ja da baya, kar ya turo dattin wajen tiyon don nan ne aikin yake ɓaci. In ya gama ya zuba bokitin ruwa a can ɗaya ƙarshen ku zuba ido. In ya gudu ya fita shikenan. In ya kwanta a tsakiya to ƙarafan da ke riƙe da shi ne suka saki saboda nauyin laka, sai a ja zare a daidaita, gangaren kamar rabin santimita ne a kowace mita, wato mai mita 10 gefen tiyo ya fi ɗayan ƙasa da santimita 5. Aikin wuni ɗaya ma bai kai ba.

Anti Hauwa: Ni dai tsanin nake jiye wa. Kar a jingina shi a jikin indararon, a bango za a kafa kuma babba ya riƙe ba yaro ba. A yi da sassafe kafin kwano ya ɗau zafi, a duba wayar lantarki da gidan rina. Ɗan yayata haka bakin kwano mai tsatsa ya yanke shi a tafin hannu sai da aka yi masa ɗinki da allurar tetanus, ya sa safar hannu ko da ta 'yan gini ce.

Alhaji Sale (Domayo, Marwa): A sare bishiyar kawai a huta.

Anti Hauwa: Haba Alhaji, a Garwa? Watan Afrilu da zafi ke wuce 40 a ƙarƙashin indararon za su shimfiɗa tabarma?

Alhaji Sale (Domayo, Marwa): To na janye, a rage reshen da ya hau kwano. Amma kar ki yarda a sa miki ragar sauro a sama wai don tare ganye, na yi, ƙura ta like ta ruwa ya dinga bi ta kai yana wucewa. Raga mai manyan ido a bakin tiyo kaɗai ta isa. In kuma an ga 'yan huji na tsatsa a kankare, a bari ya bushe ƙarau sannan a manna tef ɗin kwalta ta ciki. Sai ƙasan ya cinye yana ɓarewa a hannu ake maganar sabo.

Yaya Zainabu nas: Maman Fadila ruwan da ke kwanciya a indararo gidan sauro ne a saman kanku ba ku gani, sati ɗaya zuwa kwana 10 ya isa ƙwai ya zama sauro, shi ya sa maganar gangaren da Malam Buba ya yi ta fi komai a wajena. Duron ma a rufe. Kuma jan ruwan nan na jiya ko wanki kar ki yi da shi, kashin tsuntsu da na ƙadangare na wata shida ne a ciki, duk ruwan da za a yi ki kauce da tiyon ya zuba ƙasa sai kin ga ya yi fari. Ba asara ba ce, milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, kwano mai murabba'in mita 50 in an yi ruwan milimita 20 lita 1000 kenan, duro biyar na lita 200, ke da kike da guda ɗaya.

Maman Fadila (Yalwa, Garwa): Jama'a na gode Allah ya bar zumunci. Ƙanen maigida ya hau yau bayan asuba, wallahi bokiti huɗu na laka ya sauke, ga silifas ɗin Fadila da muka nema tun azumi a cikin bakin tiyon, har wani ɗan dogon yaro ya fara tsirowa a kusurwa. Mun zuba ruwa ya gudu amma ya ɗan tsaya daidai tagar ɗakin yara, ƙarafa biyu sun saki. Malam Buba ko za ka turo yaronka gobe?

Malam Buba mai walda: Zai zo bayan azahar in sha Allah. Bangon kuma ki bar shi ya bushe tukuna, kar a yi fenti sai damina ta wuce.