Yaro mai shure bargo cikin dare, ga hunturu ya kankama

Maman Sadiku, Ngaundere:
Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara 2 da wata 3, kuma barcinsa sai juye-juye. Ana rufa masa bargo, kafin minti 20 ya shure shi. Da asuba ƙafafunsa kamar ƙanƙara, ga majina. A katifa yake kwana, a ƙasa kan siminti. Me zan yi ya kwana da ɗumi har safe? An ce in riƙa shigar da kaskon wuta ɗaki.

Inna Hajara, Marwa:
Wa alaikumus salam, Maman Sadiku. Yaron da bai kai shekara 3 ko 4 ba bai iya jawo bargo ya rufa da kansa in ya zame, saboda haka ɗumin a jikinsa za ki sa shi, ki daina dogara da abin rufa. Sau da yawa ma zafi ne ke sa shi shurin. Da ƙarfe 8 na dare bango da kwano ba su gama huce zafin rana ba, sai a lafta masa bargo mai nauyi, ya yi gumi, ya shure. Sanyin gaske kuwa sai daga ƙarfe 3 zuwa asuba yake sauka, ya tarar da shi a buɗe da jiƙaƙƙiyar riga.

Ki sa masa kaya hawa biyu. Na ciki riga mai dogon hannu da dogon wando na auduga, don ita ce ke shan gumi. Na waje rigar sanyi marar nauyi. Ki cusa rigar ciki cikin wando kada cibiya ta fito in ya juya, ki kuma ja safa ta hau kan ƙafar wandon, haka ba ta saurin zamewa. Bargon ki ajiye shi gefe, ki rufa masa in kin farka tsakar dare.

Kada ki auna sanyinsa da taɓa tafin hannunsa ko ƙafarsa, waɗannan dama sukan yi sanyi ko lafiya lau yake. Ki sa hannu a ƙeyarsa ko ƙirjinsa. In da ɗumi kuma a bushe, daidai ne. In da laima, kayan sun yi yawa, ki rage hawa ɗaya.

Sannan simintin nan. Sanyi mai yawa daga ƙasa yake zuwa, musamman in katifar siririya ce. Ki shimfiɗa kwali biyu ko uku a ƙasa, tabarma a kai, sannan katifa, ki janye ta daga jikin bango kamar taki ɗaya. Tsohon bargo a ƙarƙashin zanen gado ya fi amfani a kan bargo na biyu a samansa, don na ƙasa ba ya shuruwa.

Baban Amira, tela, Garwa:
Hajiya, abin da ke raba wannan rigima shi ne buhun barci, wato bargon da ake sawa kamar riga marar hannu. Kowane tela zai ɗinka in kin ba shi awo. A auna daga kafaɗar yaro zuwa diddige a ƙara santimita 10. A auna ƙirji a ƙara santimita 10 zuwa 12 saboda kayan da ke ciki. Daga ƙugu zuwa ƙasa a buɗa shi sosai don ya samu wurin ware ƙafa, in ba haka ba zai ƙi shi tun daren farko. Yadi kala biyu ne, auduga a ciki, yadin bargo mai laushi a waje, mita ɗaya-ɗaya ya isa in mai faɗi ne. Ƙaramin bargon gwanjo ma yana yi in an wanke an shanya shi a rana.

Inda teloli ke kuskure shi ne wuya. In ya yi faɗi, yaro na iya zamewa ciki yadin ya rufe masa fuska. Bayan an ja zif, kan yaron kada ya iya wucewa ta wuyan, amma yatsunki biyu su shiga. Hammata ma kada ta yi zurfi. Zif ɗin a sa shi ya rufe daga sama zuwa ƙasa, kansa ya ƙare wajen ƙafa: ba zai soki haɓarsa ba, ba zai kai hannu ya buɗe ba, ke kuma za ki canja masa kunzugu ba sai kin tuɓe shi ba. Ban da hula a jiki, ban da igiya, ban da ƙananan maɓallai da zai tsinke ya sa a baki. Tunda yana tafiya, a bar ƙofa biyu a ƙasa da roba don ƙafafu su fito, kada ya tashi cikin duhu ya harɗe ya faɗi. A ɗinka biyu, saboda fitsari.

Anti Zainabu, ma'aikaciyar jinya, Kuseri:
Maman Sadiku, don Allah batun kasko a bar shi. Gawayi in yana ci a ɗakin da aka rufe yana fitar da iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi, ko da hayaƙi ya ƙare garwashi ya yi ja. Mai barci ba ya jin komai, kuma yara ta fi saurin kayarwa. Ciwon kai, jiri da amai ga mutanen ɗaki ɗaya da safe alamarta ce. Ga kuma yaro mai birgima da gidan sauro kusa da wuta. In ɗumama shimfiɗa kike so, ki zuba ruwan ɗumi a gora mai murfi mai kyau, ki naɗe da tsumma, ki sa a wurin kwanciyarsa minti 15, ki cire kafin ki kwantar da shi.

Gidan sauro kada a naɗe shi don an ga sanyi. Sauro ya ragu amma bai ƙare ba, kuma gidan sauron yana rage kaɗawar iska. Ki toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Wanka a yi shi da rana ko da la'asar da ruwan ɗumi, a shafa man kaɗanya a ƙafa, kumatu da leɓe, domin ƙaiƙayin bushewar fata na cikin abin da ke hana yara kwanciya lafiya a hunturu. In hanci ya toshe da ƙura, ɗigo 2 na ruwan gishirin wanke hanci da ake sayarwa a kantin magani kafin barci. Man zafi mai mentol ba a cusa shi cikin hanci, kuma ba a shafa wa wanda bai kai shekara 2 ba.

Majina kaɗai ba abin tsoro ba ce. Amma ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur yana kwance shiru. Ga ɗan shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40 ko ya wuce, ko kika ga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko zazzaɓi ya hana shi sha, asibiti a ranar, kada a jira.

Maman Sadiku, Ngaundere:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ƙanwarsa mai wata 7 fa, haka zan yi mata? Kuma in sa musu hula?

Anti Zainabu, Kuseri:
Buhun barci daidai awonta ya dace da ita, ya ma fi bargo, don wadda ba ta kai shekara ba ba a son sakakken bargo ko matashi kusa da fuskarta. Ki kwantar da ita rigingine, kuma kada su haɗa shimfiɗa da yayanta tunda yana birgima. Hula ta fita waje ce da sassafe. A cikin barci takan zame ta rufe hanci, ko ta tara zafi. Ita adadin numfashinta da zai sa ki tafi asibiti 50 ne a minti.