A taimaka mani, otofailot ya ƙi riƙe jirgi tun da na yi sabuntawa

Abba Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a yi haƙuri da tsawon rubutuna, kwana huɗu ke nan abin nan ya hana ni sukuni.

Ni dai tun ina firamare Allah ya jarabce ni da son jirgi. Lokacin jigilar alhazai mukan taka har wajen filin jirgin Katsina mu tsaya bayan waya muna kallo, ranar da muka makara mu sha bulala a gida. Da na gama sakandare na so in tafi makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, Baba ya ji kuɗin, ya ce in je in riƙe ma Yaya shago tukuna. Shekara biyar ke nan ina shagon. Yayan ne ya bar mani tsohuwar kwamfutarshi da ya sayi sabuwa, na tara kuɗi na ƙara mata ƙwaƙwalwa, na sa Microsoft Flight Simulator na 2020, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi. Sandar tuƙin kuma Kawu ne, Allah ya jiƙan shi, ya riƙo mani ita tsaraba daga Umra. Kullum in na rufe shago bayan isha'i sai in tashi daga Katsina zuwa Abuja da jirgin Airbus A320 ɗin nan na kyauta da ake saukewa daban. Wata takwas ina yi lafiya lau, har ƙannena suna zama bayana su zama fasinja.

To ranar Juma'a na yi sabuntawa. Tun daga nan in na tashi na danna AP1, maɓallin otofailot mai tuƙa jirgi da kanshi, ya kama kamar daƙiƙa uku, sai ƙarar nan ta tashi ya saki. In kuma ya yarda ya riƙe, sai jirgin ya karkata hagu ya yi ta zagaye gari kamar mai neman gidan biki. Jiya da ƙyar na kai shi Abuja da hannu, na danna APPR, maɓallin da ke sa shi ya bi hanyar sauka, ya wuce saman titin ko kallon shi bai yi ba. Ban taɓa komai ba wallahi. Mene ne abin yi?

Malam Lawal Rafindadi: Wa alaikumus salam. Abba, wace sabuntawar ka yi, ta manhajar kanta ko ta jirgin? Kuma me aka rubuta a layin saman allon da ke gabanka lokacin da ya saki? Ka ba mu labarin Kawu da bulala, amma wannan ɗin da muke buƙata ba ka faɗa ba.

Injiniya Sada: Ba sai ya faɗa ba, na san ciwon. Ƙanena, tun kana rarrafe nake wannan harka, tun zamanin da ake sayen ta a faifai. Duk wanda ya ce mani "ban taɓa komai ba" to ya taɓa. Matsalarku yaran yanzu kun ɗauka otofailot direban haya ne, ka faɗa mashi Abuja ka kwanta. Airbus ba haka yake ba. Maɓallin murɗawa na zaɓen alkibla da ke kan allon nan na sama hali biyu gare shi: in ka tura shi ciki, ka miƙa ma kwamfutar jirgi ragama, za ka ga 'yan layuka da ɗigo a tagar, sama kuma ya rubuta NAV. In ka jawo shi waje, kai ke da ragama, ya rubuta HDG, ya bi lambar da ka sa ko da cikin daji za ta kai ka. Kai jawowa ka yi, lambar da ke ciki kuma tana bayanka, shi ya sa yake juyawa.

Na biyu, sandar mai. Bayan tashi zai yi ta ƙyafta maka LVR CLB, dole ka maido ta ramin CL ta zauna daram. In ba ta zauna ba na'urar sarrafa mai ba za ta yi aikinta yadda ya kamata ba.

Na uku, goge komai. Manhajar, jirgin, duka. Ka sake sawa daga farko. Ni duk bayan babbar sabuntawa haka nake yi, ban taɓa samun ciwon kai ba.

Abba Ƙofar Marusa: Na gode Injiniya, Allah ya ƙara girma. Amma wallahi na san bambancin turawa da jawowa, wata takwas ina yi. NAV ne yake rubutawa, kore shar, kuma a hakan yake zagayen. Maganar gogewa kuma yallaɓai, manhajar nan ta haura gigabayit 100. Da na sa ta, sati biyu na yi ina tashi tsakar dare ina bin datar dare. Ba zan iya maimaitawa ba.

Mustafa Daura: Mutumina ka bar manhajar nan ka dawo X-Plane 12 ka huta. Akwai Boeing 737-800 na wani mai suna Zibo, kyauta, ka kunna FD, ka danna LNAV da VNAV, ka buga CMD, duk maɓallan otofailot ɗinshi ne, shi ke nan. Boeing duk abin da yake yi kana gani, sandar mai tana motsi da kanta a gabanka. Ba irin naku ba da sanda ke tsaye jirgi na yanke shawara a ɓoye.

Injiniya Sada: Mustafa, mutum ya ce rufin ɗakinshi na yoyo, kai ka ce ya tashi ya koma Daura. Kuma wa ya ce maka a ɓoye yake yi? Komai yana rubuce a layin sama, karatun ne ba ku yi.

Mustafa Daura: Allah ya huci zuciyar Injiniya. Ni ma ai ba daɗi nake sha ba. Wani yaro a kasuwa ya sayar mani da fedar ƙafa wai 'yar Turai ce, na kawo gida ta hagu ba ta dawowa. Na maida mashi ya ce an riga an buɗe kwali. Wata uku muna abu ɗaya, har wajen uban gidanshi na je, ya ce in yi haƙuri ɗan marayan Allah ne. To ni kuɗin nawa na ubana da rai ne aka ce a cinye? Yanzu da igiyar roba nake ɗaure ta.

Malam Lawal Rafindadi: Mu koma kan Abba. Ni a ganina cuta uku ce daban, saki da zagaye da wuce titi, ba ɗaya ba, kuma babu wadda ke buƙatar goge manhaja.

Sakin da yake yi bayan daƙiƙa uku ya fi kama da rawar sanda. A A320 na gaske in matuƙi ya tura sanda da ƙarfi, ko ya taka feda sosai, otofailot sakin jirgi yake yi, an yi shi ne haka da gangan. Tsohuwar sanda kuma tana aika 'yar girgiza ko ba ka taɓa ta ba, balle a garin nan da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. Ka shiga wajen saita sanda ka ɗauke hannunka ka kalli ɗigon. In yana rawa, ka ƙara faɗin wurin nan na tsakiya da ba ya jin motsi, ka kai shi kamar kashi 5 zuwa 10, har da na murɗawa mai juya wutsiya. Ka duba kuma ko akwai wani abin wasa da ke jone, don in abu biyu suna riƙe da hanya ɗaya faɗa suke yi. Sannan ka leƙa wajen taimakon tuƙi, ka kashe duk wani mataimaki, ka tabbata salon tashi yana kan na zamani ba tsohon ba. Bayan sabuntawa irin waɗannan saituttukan ake fara dubawa.

Zagaye a NAV kuma, yawanci wurin da jirgin ke nema ya riga ya wuce shi, yana ƙoƙarin komawa. Dubi kusurwar dama ta saman taswira ka ga sunan da yake nufa. In yana bayanka, danna DIR, maɓallin zuwa wuri kai tsaye, ka zaɓi na gaba. Ka kuma bi shafin F-PLN, wato jerin wuraren da jirgin zai bi, layi layi ka ga ko akwai yankewa a hanyar.

Abba Ƙofar Marusa: Malam na gode ƙwarai. Amma sandar nan lafiyarta ƙalau, kullum a cikin leda nake aje ta. Da ita ce da tun tuni ta nuna. Kuma dai ba na son a ce in canza ta, ta Kawu ce.

Malam Lawal Rafindadi: Ban ce ka canza ta ba. Cewa na yi ka duba. Minti biyu ne.

Maman Khalifa: Sallama gare ku. Ni ba matuƙiya ba ce, da wayar ɗana aka sa ni a nan don in ga abin da yake yi. Tunda ga manya a wurin, don Allah ku ja mashi kunne. Datar gida ta wata guda a kwana shida ya ƙarar da ita, wai yana sauke filin jirgin Jidda. Ga jarrabawa a gaba. Jiya ƙarfe biyun dare na ji wata murya a ɗakinshi tana ƙirga da Turanci, hamsin, arba'in, talatin, na ɗauka gamo ya yi. Abba kai ma ka ji tsoron Allah ka riƙa barci, shagon yayanka amana ce.

Abba Ƙofar Marusa: To Mama, in sha Allahu. Muryar nan tsayin jirgi daga ƙasa take faɗi, ba komai ba ne.

Injiniya Sada: Hajiya ki bar shi, gara wannan da zaman majalisa. Lawal, maganarka ta rawar sanda na ji, amma ka bar babban abu. Bayanan hanyoyin sama duk kwana 28 ake sake su a duniya baki ɗaya, sau 13 a shekara. In ya tsara hanya a shafin intanet ɗin nan na SimBrief na kyauta, da tsohon bayani yake tsarawa, jirgin kuma an sabunta mashi nashi. Sai ya sa sunan wuri, akwatin da ake rubuta ma jirgi hanya ya ce NOT IN DATABASE, wato bai san wurin ba, shi kuma ya tsallake ya ci gaba, hanya ta yanke. Maganin shi ne ya biya Navigraph, masu sayar da sabon bayanin, kowa ya zama bai ɗaya. Wanda ba zai iya biya ba ya tsaya ga ƙaramin Cessna.

Saukar Abuja kuma laifinshi ne tsantsa. Ƙa'ida ita ce mil 3 a kowace ƙafa 1,000. In kana ƙafa 33,000, tun saura kusan mil 100 za ka fara gangarowa. Na tabbata ya zo a sama ne. Layin gangara na ILS, na'urar da ke jagorantar jirgi zuwa titin sauka, digiri 3 ne kuma daga ƙarƙashi ake kama shi, in ka zo ta samanshi G/S, alamar layin, zai zauna shuɗi yana jiranka har ka wuce Gwagwalada. Kuma ka sa titin sauka da ILS ɗinshi a akwatin? Maɓallin LS nuna maka kawai yake yi, ba ya kama komai.

Abba Ƙofar Marusa: Na sa titi na 22 Injiniya. Gaskiya dai na ɗan zo a sama, amma ai don ina fama da shi da hannu ne. Kuɗin wata wata na ƙasar waje kuma ba ni da shi, katina ma ba ya biyan waje.

Nura Ƙofar Ƙaura: Afuwan na shigo tsakiya. Ni nawa in na kunna sai allunan duka su yi baƙi, taswira ta ce a jira. Shi ma sabuntawar ce?

Mustafa Daura: Nura naka ba cuta ba ce. Juya maɓallan nan uku na sama zuwa NAV ka jira, yana kai minti goma kafin jirgi ya gane inda yake. Je ka sha shayi.

Malam Lawal Rafindadi: Abba har yanzu ba ka amsa tambayata ta farko ba. Kuma ga gwaji mafi sauƙi: ka canza ma foldar Community, inda ake zuba ƙarin kayan da aka sauke, suna, ka buɗe sabuwa ba kowa a ciki, ka sa jirgin shi kaɗai. In ya tashi lafiya, to wani abu ne a cikin tarkacenka ke karo da shi. Fentin jirgi da aka yi don tsohon zubi yana iya ɗauke da fayil ɗin da zai danne na sabon.

Abba Ƙofar Marusa: Duka biyun na sabunta, manhajar da farko sannan jirgin. Na manta ban faɗa ba, ana cikin sauke na jirgin aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuma ya mutu tuntuni, sai ta mutu. Da aka kawo na kunna na ga jirgin yana nan cikin jeri, na ɗauka ya gama. Foldar kuma Malam fenti 43 ne a ciki, akwai wanda ni na zauna na yi da hannuna, kore da fari, na rubuta Gobarau a jiki. Ina tsoron in taɓa su ɓace.

Malam Lawal Rafindadi: Innalillahi. Abba, wannan ai shi ya kamata ka fara faɗi kafin labarin firamare. Cire jirgin kaɗai ka sake sauke shi, bai kai ko kusa da girman manhajar ba. Canza suna kuma ba gogewa ba ne, Gobarau ɗinka na nan.

Injiniya Sada: Ka gani ko? Me na ce tun farko? Goge komai. In wuta ta yanke ana rubutu, ba ka san iyakar inda ɓarnar ta tsaya ba. Lawal yana lallaɓa ka ne kawai, bayan sati za ka dawo nan.

Malam Lawal Rafindadi: Injiniya, manhajar ta riga ta gama kafin wutar ta tafi, shi ya faɗa da bakinshi.

Injiniya Sada: Shi ɗin da ya ce bai taɓa komai ba?

Abba Ƙofar Marusa: Ni dai har yanzu zuciyata ba ta ba ni saukewar ba ce, don da bai cika ba ai ba zai buɗe ba. Ina ganin sabon zubin ne ke da matsala. Akwai mai tsohon na kafin Juma'a a filashi? In zo har gida in kwafa, ko Daura ce zan shiga mota.

Mustafa Daura: Ni na Zibo kawai gare ni. In kana so ka taho da filashi mai girma, ka biyo ta kasuwa ka taya ni yi ma yaron nan magana.

Nura Ƙofar Ƙaura: Na jira minti ashirin, har yanzu baƙi ne.