Kibod ne ya tsaya min a kwamfutar da nake haɗawa, ku taimaka da shawara

Ɗan Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, hankalina a tashe yake. Gyaran waya nake yi a shagon kawuna a Ikeja, wannan aikin kuwa sai dare, in akwai wuta. Na haɗa 'yar kwamfuta irin ta da a kan Z80, guntun da ke zama ƙwaƙwalwar kwamfutar, wanda kamfanin Zilog ya fitar a 1976. Da na ji a 2024 an daina yin na asali, sai na cire ɗaya daga wani tsohon bod na ce sai ya tashi. Ya tashi, alhamdu lillahi, rubutu na fitowa a talabijin. Kawu na cewa ɓata lokaci nake, ni kuma na yi wa yaran islamiyyarmu alkawarin nuna musu kafin hutu. Maɓallan kibod irin na 'yan gem sun fi ƙarfina. Na jera ƙananan maɓallan nan masu ƙas-ƙas guda 40, amma harafi ɗaya sai ya fito sau uku, wani lokaci har wanda ban taɓa ba ya fito. Ya zan yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, bar wahalar nan. Je Computer Village ko Alaba ka nemi tokunbon kibod mai kan PS/2, wanda IBM ta kawo a 1987. Waya biyu ce ke ɗauke da saƙo, ɗaya ta bugun lokaci, ɗaya ta bayani, sai wayar wuta mai bolt 5 da wayar ƙasa (GND). Kowane saƙo bit 11 ne. Sa Arduino Nano, ɗan bod mai nasa guntun sarrafawa, a tsakani ya karanta ya miƙa wa Z80. Magana ta ƙare.

Mai Rediyo: Ɗan Agege, ba ka faɗa mana yadda ka jona wayoyin ba. Maimaicin harafi rawar maɓalli ce, ƙarfen ciki na ɗan tsalle kafin ya zauna. Sa manhajarka ta jira kamar milisakan 10 ta sake dubawa. Baƙon harafin kuma yana fitowa ne in an danne uku da suka yi kusurwa a jeri, wuta ta bi ta baya. Diyod 1N4148, mai barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai, a kowane maɓalli ne maganinsa.

Ɗan Agege: Na gode Malam. Injiniya, da girmanka, guntun da ke cikin Arduino ya fi Z80 ɗin gudu. In na sa shi, me na haɗa ke nan? Kwamfutar ZX Spectrum na 1982 maɓalli 40 ne da shi, layi 8 sau ginshiƙi 5, waya 13 kacal, kuma Z80 ɗin ne da kansa ke karantawa. Shi na bi. Sannan ina son ɓ, ɗ da ƙ kowanne da maɓallinsa, yaran su rubuta Hausa daidai.

Injiniya: Na fi ka daɗewa a harkar nan. ASCII, wato tsarin lambobin haruffa na kwamfuta, alama 128 ce, babu mai ƙugiya ko ɗaya a ciki. Sai ka zana su da kanka a ROM, guntun ajiyar manhajarka, kuma wannan bai shafi irin kibod ɗin ba. A PS/2 ma sai ka ɗauki maɓalli uku ka liƙa musu takarda. Waɗancan ƙananan kuwa, yaro ya yi layi biyar yatsa ya yi ciwo.

Baban Biyu: Ni dai a yi hattara da tokunbo. Wani mai shago ya sayar min da na USB haɗe da ɗan kan nan mai ruwan hoda-hoda na mayar da shi PS/2, ya rantse zai yi. Bai yi ba, ashe sai kibod ɗin da dama can ya san yaren PS/2. Na koma ya ce bai taɓa ganina ba. Ga kuɗin mota daga Mile 12, ga gosulo. Har yau abin na ci min rai.

Mai Rediyo: Allah ya mayar da alheri. Haka aka yi min da ayan ɗin solda. Ɗan Agege, nemi maɓallan milimita 12 masu hula, sun fi na 6 daɗin dannawa. In 40 sun kasa, yi 8 sau 8 kamar kwamfutar Commodore 64, waya 16 su ba ka 64.

Injiniya: Maɓalli 64, diyod 64, duk da hannu, kafin hutu? Ba zai gama ba. PS/2.

Ɗan Agege: Na riga na huda katakon a kan 40, kuma kuɗin sake saye babu. Malam, diyod ɗin ta wane ɓangare zoben baƙin zai kalla, layi ko ginshiƙi?