Musayar waƙa: Messiaen mai rubuta kukan tsuntsaye

Mai Molo:
Na buɗe fage da Olivier Messiaen, mai tsara kiɗa na Faransa,
Garin Avignon, 1908 ce shekarar haihuwarsa,
Yana ɗan 11 makarantar kiɗa ta Paris ta amshi sunansa,
1931 ogan, abin kiɗan cocin Trinité, ya shiga hannunsa,
Bai sake shi ba sai 1992, shekarar mutuwarsa.

Zabiya:
Yaya Mai Molo, kalanda ka karanto, ba waƙa ba,
A yaƙin duniya na biyu Jamus ta tsare shi a Görlitz, ba ka faɗa ba,
Makaɗa uku ya tarar a sansani, bai raina ba,
Kilarinet, goge, babban goge, shi ko fiyano bai bari ba,
15 ga Janairun 1941 suka kaɗa kiɗan da ya tsara, sanyi bai hana ba.

Ɗan Kurmi:
Mutum 5000 suka taru, in ji shi da bakinsa,
Babban gogen tsirkiya uku, haka ya ba da labarinsa.

Zabiya:
Ƙanena, Pasquier mai babban gogen ya ce huɗu ne cif,
Zauren ma da mutum kamar 400 ya cika taf.

Gwaggo:
Ayyururui! Zabiya ta gama da mazan nan.

Ɗan Kurmi:
Yaya, bar gardamar tsirkiya, zo mu shiga dawa,
Da asuba yake fita da fensir da takarda yana rubutawa,
Tsuntsu ya fi yatsa sauri, sai ya rage gudun bugawa,
Kukan ya fi fiyano tsini, sai ya yi ta saukarwa,
Tazarar da ta gaza rabin mataki, sai ya bi da buɗawa,
Muryar ke ɓacewa, sai ya ɗora amo kan amo don maidowa.

Malam Aruli:
Ku dakata. Ɗan Kurmi, ɗango shida ka zuba a baiti ɗaya, na biyun kuma ya yi ƙiba. Ke ma Zabiya, "cif" da "taf" ba amsa-amo ba ne.

Ɗan Kurmi:
Allah gafarta Malam, ƙarin nan dabarar Messiaen ce,
Kari daidaitacce, a ɗiga masa gajeren bugu guda, ya karkace.

Malam Aruli:
Shi da gangan ya ƙara, ya auna kafin ya taka,
Kari 120 na Sharngadeva na Indiya ya nazarta ya saka,
Yana da mai karantuwa gaba da baya, 3, 5, 8, 5, 3, duba da idonka,
Kai ko tuntuɓe ka yi, ka ce rawa ce ke ƙafarka.

Gwaggo:
Malam, ɗangonka na uku fa? Ko jaki bai ɗaukar wannan kaya.

Malam Aruli:
Hajiya, lambobi ba sa shiga ma'auni.

Mai Molo:
Kwana biyu ba na nan, ku dawo ajin koyarwarsa,
1941 ya soma darasin haɗa amo, 1978 ya aje allinsa,
Boulez da Stockhausen sun zauna a gabansa,
Xenakis ya zo a makare, Messiaen ya ce masa ya riƙe lissafinsa,
Da ilimin zanen gini, ya ɗora kiɗansa a kansa.

Zabiya:
Yaya, tun daga Avignon ba ka da amsa-amo sai sa, sa, sa,
In kasuwar shanu muka zo, to faɗi kuɗinsa.