Neman shawara: jirgin kamun kifi a Tema, injin ne ya hana ni barci

Ɗan Nima mai albasa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah waɗanda suka san harkar injin ruwa su taimaka min. Ni dai albasa na sani, tun muna kasuwar Agbogbloshie a Accra har aka kwashe mu zuwa Adjen Kotoku a 2021, ban taɓa shiga teku ba ko da wasa. To ni da ƙanina da ke Jamus mun ɗan haɗa wani abu, kuma surukina Bafante ne shekara kusan ashirin yana tuƙa jirgin mutane, shi ne ya ce akwai jirgin katako na sayarwa a tashar masunta ta Tema, mai injin dizel a ciki ba irin na ratayawa a baya ba. Jiya na je na gani. Mai shi ya ce Cummins 6BT ne, hom yus wato kwancen ƙasar waje, wai awa 3,000 kawai ya yi, mita ma ya nuna min. Bugu ɗaya ya tashi, injin fes an masa jan fenti sai ƙyalli yake, baƙin mai na zaro geji na gani kamar zuma. Amma abu biyu suka tsaya min a rai, na ɗora hannu a kan injin kafin ya tada na ji da ɗumi alhali ƙarfe 8 na safe ne, sannan da na ce mu fita da shi cikin ruwa ya ce dizel tsada, sai na ba da kafin alƙalami tukuna. Kuma wai jirgin ya fi shekara a ɗaure. Surukina ya ƙagu, yana cewa wasu za su riga mu. Me zan duba, kuma in ba da kuɗin ko in tsaya?

Baban Yara, Maamobi:
Wa alaikumus salam. Mu 'yan Zongo me ya haɗa mu da teku fisabilillahi, ka sayi tirela mana ka huta. Wasa nake, bari masana su zo.

Fita na Ashaiman:
Yaaya ni fita ne, wato makanike, kar ka ba da ko kwabo tukuna. Ɗumin nan da ka ji shi ne labarin gaba ɗaya, mutumin ya riga ka zuwa ya ɗumama injin ne, domin injin dizel ba shi da fulogi, matsin iska ne ke kunna man, to in ringi sun ci ko bawul ba sa rufewa da kyau matsin ya ragu, da sanyi zai yi ta gurnani ba ya kamawa, amma in ya yi zafi ko gajiyayyen inji bugu ɗaya ne. Don haka ka ce masa kana son ka ga tashin farko na safe, kuma kar ka faɗa masa ƙarfe nawa za ka zo, kana idar da asuba ka kama hanya, ka taɓa kan injin da salansa da hannunka ka ji sanyi kamar randa sannan a murza. In ka ga ya ɗauko wani gwangwani zai fesa a bakin iska, ka yi masa sallama kawai.

Da ya tashi kar ka tsaya kallon injin, ka leƙa baya wajen salansa. Ruwa dole ya riƙa fitowa tare da hayaƙin cikin 'yan daƙiƙu in irin mai jiƙaƙƙen salansa ne, in babu ruwa a kashe maza, robar famfon ruwan teku ta mutu. Sai launin hayaƙi. Ɗan fari da sanyi wanda ya ɓace bayan minti kaɗan ba komai ba ne. Fari da ya ƙi tafiya kuma yana yaji a ido yana warin dizel, man ne bai ƙone ba, ko nozul ɗin da ke fesa man ko matsi. Shuɗi baƙin mai yake sha, ringi ko tobo, wato abin da ke cusa wa injin iska. Baƙi kuma in ana tafiya, ko an yi masa lodi fiye da ƙarfinsa ko iska ba ta isar sa ko nozul na zuba mai da yawa.

Sannan wanda na fi so, ba ya buƙatar kayan aiki ko ɗaya. Injin na aiki a hankali bayan ya yi zafi, ka kwance murfin da ake zuba baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin kar ka ɗaure. In ya zauna yana ɗan rawa, lafiya. In yana tsalle zai faɗo ƙasa kuma hayaƙi na busowa fuf fuf kamar tukunyar waakye, wuta na wucewa ta gefen fistin, wannan sai buɗe inji. Kuma ka sani 6BT ba shi da laina irin wadda ake zarewa a sa sabuwa, ramin da fistin ke tafiya a ciki a jikin bulok ɗin yake, in ya ci sai an sauke injin daga jirgi an kai masu boring, ba aikin da za a yi maka a bakin ruwa ba ne.

Ɗan Nima mai albasa:
Allah ya saka masta. To mitar fa da ta nuna awa 3,000?

Fita na Ashaiman:
Mita waya biyu ce da noti. Ni kaina na canza ma mutane ita ba sau ɗaya ba don ta lalace, sabuwa daga sifili take farawa.

Tsohon injiniyan jirgi, Tema:
Ɗana, abin da fita ya faɗa duk daidai ne, amma ni ba awa ke damuna ba, zaman shekara ɗayan nan ne. 6BT inji ne mai silinda shida, lita 5.9, in ana canza masa mai a kan lokaci awa 3,000 yaro ne. Injin da ke fita kullum ya fi wanda ya kwanta lafiya nesa ba kusa ba, don iskar gishiri tana bi ta salansa ta shiga silindar da bawul ɗinta ya tsaya a buɗe ta yi tsatsa a ciki, tankin dizel ya tara ruwa a ƙasa har wani baƙin kwaɗo-kwaɗo kamar majina ya tsiro a ciki, kuna fita igiyar ruwa ta girgiza tankin ya taso ya toshe filta, inji ya mutu kuna tsakiyar teku. Ka sa a zubo ɗan mai daga ƙasan filtar farko a cikin kwalba mai haske ka ajiye minti biyar, ruwa zai kwanta a ƙasa ka gani da idonka.

Abu na biyu ka tabbatar injin ruwa ne tun daga kamfani ko kuwa na lori ne aka juya. Da yawa a bakin ruwan nan na mota ne, ba haramun ba ne kuma wasu suna aiki sosai, amma kuɗinsu ba ɗaya ba. Akwai faranti a gaban injin jikin gidan giyar taimin, an rubuta lamba da ƙarfin doki da yawan juyi. In an shafe shi da fenti ko an cire, ka tambayi dalili. Na ruwa na asali manifol ɗin salansarsa ruwa ke zagaya shi, kuma maimakon lagireto akwai wani bututu mai ƙananan tiyo na tagulla a ciki, ruwan teku na bi ta ciki yana sanyaya ruwan injin ba tare da sun haɗu ba. Ka sa a buɗe murfin bututun nan. A ciki akwai ɗan sandan zinki da ake sawa don gishiri ya ci shi maimakon ya ci injin, in ka tarar ya cinye saura kan noti kawai to ka san irin riƙon da aka yi wa injin, ba sai an ba ka labari ba.

Shi kuwa fita ruwa, babu ciniki sai da shi. Ka ce kai za ka sayi dizel ɗin, ai bai kai asarar jirgi ba. Ku yi awa ɗaya aƙalla, a ƙarshe a taka shi har ƙarshe na minti goma. 6BT na ruwa mai doki 210 a juyi 2,600 a minti yake, ya kamata ya kai abin da farantinsa ya ce ko kusa. In ya tsaya can ƙasa yana baƙin hayaƙi, ko farfela ta yi masa girma ko gindin jirgin ya cika da kwansa, ko kuma ƙarfin ne babu. Zafi ya zauna wajen digiri 80 zuwa 90 kar ya yi ta hawa. Bayan kun dawo da zafinsa ka kalli gejin matsin mai yana aiki a hankali, a nan ne metal, wato boris ɗin cikin injin, da suka ci ke tona kansu.

Hajiya mai kifi, Tema New Town:
Alhaji sannu da ƙoƙari. Ni ban san inji ba amma na san lokaci. Surukinka ya ƙagu ne don yana hangen kifin amane na watan takwas, amma ka tuna gwamnati na hana jirage irin wannan fita teku a watan Yuli, kuma ko ba a fita yara na cin abinci kuma a aljihunka za su ci. Ka ware kuɗin gyara daban da na raga da ƙanƙara kafin ka sa hannu. Na ga waɗanda suka zuba komai a sayen jirgi, ranar fita babu kuɗin mai, sai su zo wajenmu mata mu ba su bashi, kifin kuma mu muke sa masa farashi.

Direban Bawku:
Ni dai man da ka ce kamar zuma ai alama ce mai kyau, mutumin yana kula da kayansa kenan.

Kawu na Sabon Zongo:
Direba yi haƙuri, jirgin da ya shekara a ɗaure me ya kai sabon mai cikinsa jiya? Bari in ba ku nawa. Shekarun baya na sayi inji haka, ba jirgi duka ba injin kawai, mai shi dattijo da carbi a hannu, mai sabo fes, ƙara kamar agogo. Ashe mai kauri ya zuba, irin na giyabos ya gauraya, don ya rufe ƙarar metal ya ɗaga gejin matsin mai. Fita ta uku muka dawo na zaro geji na ga abu kamar koko da aka sa wa madara, fari-fari. Muka buɗe, gwiwar salansa inda ruwan teku ke haɗuwa da hayaƙi ta rube daga ciki, waje kuwa fenti lafiya lau, ruwan gishiri na komawa baya cikin injin duk lokacin da aka kashe shi. Tobo ya tafi, silinda ta shida tsatsa ja wur. Na yi wata biyu ina zarya tsakanin kasuwar kayan gyara ta Abossey Okai a Accra da ta Suame Magazine a Kumasi, abin jikin inji ana samu don iri ɗaya ne da na lori, amma gwiwar nan da famfon ruwan teku na sha wuya kafin in samu. Shi ya sa ni tsohon mai na fi so in tarar, baƙi amma mai gaskiya, ka murza shi a yatsa ka kalla a rana ko akwai ƙyalƙyalin ƙarfe. Tunda ya riga ya canza, ka duba bayan kun dawo daga ruwa, ka duba ƙarƙashin murfin man ma, kuma ka sa a yanka tsohuwar filtar mai a buɗe takardar ciki in bai canza ta ba.

Direban Bawku:
To na karɓa Kawu, mota ce tawa ba ruwa ba.

Tsohon injiniyan jirgi, Tema:
Na manta giyabos. Shi ma yana da nasa gejin, ka sansana, in yana warin ƙuna faranti sun ci. A sa gaba a sa baya, ya kama nan take ba tare da jinkiri ko wani gwaram ba. Kuma ka kalli katakon da injin ke zaune a kai, ka soka masa sukudireba, na sha ganin inji lafiya gadonsa ruɓaɓɓe, shaf ya karkace yana cin boris.

Malamin makarantar allo, Madina:
Ɗan uwa ka haɗa da takardu. Ka ga rajistar jirgin da lasisin kamun kifi da sunan wanda ke kai, ka je ofishin hukumar jiragen ruwa da na hukumar kifi ka tabbatar, don jirgi ɗaya sai ka tarar na 'yan uwa biyar ne ko akwai bashin wata mata a kansa. A shari'a wanda ya ɓoye aibi ana iya maida masa kayansa, amma kai ma ka san karɓo kuɗi daga hannun mutum a garin nan. A rubuta da shaidu, kuma fitan da za ka tafi da shi ya zama naka, ba wanda mai jirgi ko dillali ya kawo ba.

Ɗan Nima mai albasa:
'Yan uwa na dawo da labari. Yau ƙarfe biyar da rabi muna bakin ruwa ni da masta, fitan nan na Ashaiman, Allah ya biya shi, ya bar aikinsa ya bi ni. Mai jirgin bai ji daɗi ba amma ya zo. Inji sanyi ƙalau. Sau huɗu aka murza sai batir ya fara kasawa, a na biyar ya kama da farin hayaƙi har masu gyaran raga na gefe suka tashi suna tari, kuma bai daina ba sai bayan kusan minti goma. Murfin mai bai faɗo ba amma yana rawa sosai. Faranti na nan masta ya kankare fentin da wuƙa, na mota ne ba na ruwa ba. Zinki babu shi ma kwata-kwata, toshe ramin aka yi da noti. Ruwa ba mu fita ba don gejin zafi ba ya aiki, masta ya ce ba zai taka injin da ba ya ganin zafinsa ba. Mai shi yanzu ya sauko, ya ce in cire kuɗin gyara. Surukina ya ce katakon jirgin mai kyau ne ƙwarai kar mu bari. Masta ya ce sai ya cire nozul ya auna matsin kowace silinda kafin ya faɗi komai, ranar Asabar zai zo da abin awon da sabon geji.

Kawu na Sabon Zongo:
To ka yi cinikin katako da giyabos, injin ka lissafa shi a matsayin na buɗewa. Kuma Asabar ɗin ku kwance gwiwar salansar nan ku leƙa da tocila.

Baban Yara, Maamobi:
Maganar tirela dai tana nan.